Sababbin Rediyoyin Sarjan Harisu

A shekarar da aka kawo rediyoyin nan shida barikin soja na Arlit, garin cika yake yana batsewa. Kullum manyan motocin kamiyo na sauke mutane daga Maradi da Damagaram da Kano da Sakkwato, kowa ya zo neman aiki a ramin yuraniyom. Sarjan Harisu, mutumin Tawa, shi bai zo neman komai ba. Turo shi aka yi, kuma shekararsa bakwai ke nan yana jiran wani a Yamai ya tuna da shi.

Aikinsa sadarwa. Duk motar da za ta fita sintiri wajen Gougaram ko ta raka ayari hanyar Agadas, shi ke ɗaura mata rediyo. Rediyoyin tsofaffi ne tun na zamanin mulkin Nasara, sun sha ɗauri da waya da tsumma, har Almu direba kan ce da su gyatumai. In sun ga dama su yi magana, in ba su ga dama ba sai mutum ya yi ta ihu cikin hamada shi kaɗai.

Sai gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar tsaro da wata ƙasar Turawa, ɗaya daga cikin masu sayen abin da ake haƙowa, waɗanda ke son hanya ta zauna lafiya. Kashi biyu aka yi mata. Na farko kayan aiki. Na biyu, bayan shekara guda, a ɗauki mutum ɗaya daga kowane bariki ya je can ƙasarsu koyon aiki na wata tara, ya dawo da muƙamin ajidan, gaba da sarjan, ya koyar da na baya. Sharaɗi ɗaya aka gaya musu, kada mutum ya cika shekara arba'in. Takardar Harisu kuwa cewa ta yi an haife shi wajajen 1939, ba wata ba rana, kuma a wurin ma'aikatan biro, wato ofis, duk mai irin wannan takarda ranar ɗaya ga Janairu uwarsa ta haife shi. Ke nan idan 1979 ta kama bai tafi ba, ya tafi ke nan har abada, zai ajiye kaki yana sarjan.

Kapitan Zayyadu, shugaban barikin, ya rubuta sunansa ba gardama, don babu wani. Bature guda ya zo da akwatunan, ya kwana uku yana nuna masa maɓallai, zafi ya hana shi cin abinci, ya hau jirgi ya koma. Kafin ya tafi ya sa Harisu ya sa hannu a takarda cewa kayan suna hannunsa, ya ce bayan shekara mutanensu za su zo dubawa.

To, Harisu ya san abin da sa hannu ke jawowa. Yana kurtu a Agadas aka taɓa ba su injin wuta kyauta, wani sarjan ya yi ta aiki da shi tsakani da Allah, ranar da manya suka zo duba kaya suka tarar fenti ya goge, marfi ya lotse. Kwana goma sha biyar mutumin ya yi a kaso, aka cire masa igiya. Tun daga ranar Harisu ya riƙe karatu guda: kayan da baƙo ya ba ka amana, yadda ya ba ka haka zai zo ya tarar.

Don haka ya share lungu a mangaza, ɗakin ajiyar kaya, ya jera katako, ya ɗora rediyoyin, ya lulluɓe kowace da leda sannan da bargo. Ƙofar ya toshe ƙasanta da tsumma saboda rairayi. Duk Juma'a kafin masallaci sai ya buɗe, ya goge su da ƙyalle mai laushi, ya ba batir wuta, ya mayar ya rufe. Motoci kuwa suka ci gaba da fita da gyatumai.

Almu ne kawai ke yi masa mita. Wata rana ya dawo daga sintiri leɓɓansa duk sun tsage, kwanansu biyu a bayan Gougaram da mota a kafe, rediyo ta ƙi tashi, sai da wani makiyayi ya kai su rijiya.

"Sarjan, don Allah ka ba mu ko guda ɗaya. Ka jera su kamar kwanukan amarya, mu muna mutuwa da ƙishi."

"In ka kai ta daji ka dawo da ita da tabo, wa za a tambaya, ni ko kai?" in ji Harisu. "Ka bari baƙin ga su zo su tahi. Bayan nan ka ɗauki duk wadda kake so."

Maganar ta dame shi, ba ƙarya. Ya kwana biyu yana gyaran tsohuwar da ta ci amanarsu, ransa ba daɗi. Amma bai buɗe mangaza ba. Kapitan ma da ya leƙa ya ga jeren, kai ya gyaɗa ya ce haka ake son soja.

A gida matarsa Lauratu ta fara shiri tun da sauran wata uku. Ta sa wani ɗan kasuwa Bakano ya samo masa rigar sanyi mai nauyi, ta yi yaji ta ɗura a gwangwani, ta riga ta gaya wa matan layinsu cewa baban Hajara zai ƙetare teku. Shi kuwa sai ya ce mata ta rage baki, alhali shi ma a zuci ya gama tafiya.

Baƙin suka iso cikin Nuwamba, ƙarfe goma na safe. An shafe duwatsun bakin bariki da farar ƙasa, an tsayar da sojoji cikin rana tun takwas. Babbansu wani kanar ne mai furfura, fuskarsa ta yi jajir, ka gan shi ka ga wanda ya zaga bariki tara cikin kwana goma kuma bai ƙi a ce wannan ne na ƙarshe ba. Tare da shi akwai wani matashin hafsa riƙe da littafi.

Harisu ya buɗe mangaza, ya yaye barguna ɗaya bayan ɗaya. Rediyoyin suka fito fes, ko zanen farce babu. Aka kunna, duk shida suka tashi. Ya ƙame yana jin daɗin da ya daɗe bai ji ba.

Matashin ya juya ta farko, ya zare wani ɗan marfi a bayanta wanda Harisu bai taɓa kula da shi ba. Ashe akwai ɗan agogo a ciki mai ƙirga awoyin da na'urar ta yi aiki. Ya karanta, ya rubuta, ya wuce ta biyu. Da ya gama sai ya miƙa wa kanar littafin.

"Awa goma sha ɗaya," in ji kanar da Faransanci. "Wannan tara. Wannan huɗu. Sarjan, da me motocinku ke fita?"

"Da tsofaffin, mon kolonel."

"Waɗannan sun lalace ne?"

"Ko kaɗan. Ajiye su na yi, don ku same su yadda kuka bar su."

Kanar ya cire tabarau ya murza idanu. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce shi bai taɓa ganin kaya masu tsabta haka ba a duk zagayensa, kuma ya gane nufin sarjan. Amma yarjejeniya ta ce barikin da zai tura mutum kashi na biyu sai na'urorinsa sun nuna aƙalla awa ɗari biyar kowace, don a tabbatar ana bukatarsu kuma akwai wanda ya saba da su. Shi ba shi ya rubuta ba, kuma ba shi da ikon rubuta lambar da bai gani ba. Za su dawo baɗi war haka.

"Mon kolonel, baɗi na wuce shekaru."

Kanar ya dube shi, ya dubi kapitan, ya ce abin bai yi masa daɗi ba. Daga nan aka wuce da su cin abinci a gidan baƙi na kamfanin yuraniyom.

Da la'asar Kapitan Zayyadu ya kira shi biro. Shi ma a gajiye yake, ya kwance maɓallin wuya. Takardar sharuɗɗan tana cikin aljihun teburinsa tun bara, shafi arba'in, bai taɓa wuce na uku ba, kuma dukansu biyu sun san haka, ba wanda ya ɗaga maganar.

"Abin da ya wuce ya wuce, Sarjan. Baɗi ba za a sake ba mu kunya ba. Kofur Idi za mu sa, shekarunsa ashirin da tara."

"To, sai in fara ɗaura su a motoci gobe."

"A'a, kada ka fitar da su. In suka dawo suka tarar da su a fashe, wata maganar ce kuma. Ka kunna su nan cikin mangaza, kullum awa uku, har lambar ta cika. Ka riƙa magana a ciki, kada su ce kunnawa kawai aka yi."

Harisu ya sara masa ya fita. Bai iya zuwa gida ya gaya wa Lauratu ba sai da aka yi magariba, ita kuwa da ta ji sai ta tashi ta shiga ɗaki ta bar tuwo a kan wuta.

Washegari da hantsi Almu ya fita sintiri da gyatumarsa. Harisu ya shiga mangaza, ya jawo benci tsakanin rediyo biyu da tazararsu ba ta fi taku ɗaya ba, ya kunna. Ya ɗauki abin magana na dama.

"Arlit ɗaya na kiran Arlit biyu. Kana ji na?"

Muryarsa ta fito ta hagu tangaran, bai taɓa jin rediyo mai kyan sauti haka ba. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na hagun ya amsa wa kansa cewa yana ji, ya dubi agogon hannunsa, saura awa biyu da minti hamsin da takwas.