Inda Jirgin Mika'ilu Zai Tashi

Injin ya sake ɗaukar ƙara a ƙofar gidan Mika'ilu, siririyar ƙara mai shiga kunne, sai mutane suka sa tafi. Dallatu yana zaune a ƙofar nasa gidan, katanga ɗaya tsakani, da rediyon wani a buɗe a cinyarsa. Ya ja tsaki.

"Fetur ya gagari masu babur, wani yana ƙona shi a kayan wasan yara."

Ba wanda ya tanka, don ba kowa a wurin, kuma abin da ke cin ransa ke nan. Tun suna samari Dallatu ne mai gyara a ƙauyen, daga tocila har injin ban ruwa, kuma a ƙofarsa ake hira bayan la'asar. Sai ga Basiru, ɗan Mika'ilu da ke aiki a Fatakwal, ya aiko wa ubansa wani dogon kwali. Da aka buɗe, jirgin sama ne a wargaje: ƴan katakai marasa nauyi, gam, ƙananan tayoyi, inji bai fi dunƙulen hannu ba, da akwati mai eriya da ake sarrafa shi daga ƙasa.

Mika'ilu ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar ma'aikata a filin jirgin Kano, bai taɓa shiga jirgi ba. Tun farkon damina yake haɗa wannan, yana manna fiffike yana tari, ciwo na cin sa. Majalisa kuwa ta tashi kacokan ta koma can. Ɗan Dallatu, Hadi, ya jingine a-daidaita-sahunsa saboda tsadar mai, yana gida yana hamma. Ƙyashi ya kama Dallatu, irin wanda ke hana tuwo wucewa. Ko sau ɗaya bai leƙa ya ga jirgin ba, sai dai ta hujin katanga.

Da aka watse, sai ga Mika'ilu yana dogara sanda, riga ta yi masa yawa.

"Salamu alaikum, sarkin gyara. Ka ji kukan mutumin naka?"

"Na ji. Har akuyata ta ji."

Mika'ilu ya yi dariya har ta zame masa tari. Ya zauna a bakin tabarma.

"Dallatu, abu ya haɗu, wurin tashi ne babu. Sai ya yi gudu a ƙasa kafin ya ɗaga. Ka san garin nan, ko tafin hannu ba a bari ba. Filin makaranta ma malamai sun zuba masa dawa. Burtali kuwa duk rami ne da itatuwa."

Dallatu ya gane inda aka dosa. Gonarsa ta bayan gida doguwa ce shimfiɗaɗɗiya, bana taki ya gagara, wake zalla ya shuka.

"Ɗan siririn layi kawai, ta gefe," in ji Mika'ilu. "In an cire nawa waken sai ka ɗebi abin da ka rasa."

"Wake ya yi fure, Mika'ilu. A wannan shekarar zan tattake abinci don wasa? Ka bari a cire amfani, a saki dabbobi. Lokacin gonar kowa ta kowa ce."

Mika'ilu ya kalli hannuwansa da suka bushe da gam.

"Haka ne. Allah ya kai mu."

Da ya tafi, Luba matar Dallatu ta leƙo daga zaure.

"Malam, waken da za a taka ai bai cika ƙwarya ba. Kai dai ba ka son a ga ya tashi ne."

"Koma kan girkinki."

Ta koma, amma ta faɗi gaskiya, ya kuma sani. Ya riga ya hango abin: jirgi a sama, duk gari an ɗaga kai, ana kiran sunan Mika'ilu, a gonarsa.

Injin bai ƙara kuka ba. Mutane suka ci gaba da zuwa gidan, sai dai yanzu dubiya ce. Dallatu ma ya je, ya ce Allah ya sawwaƙe daga bakin ƙofa. Jirgin na rataye a zaure da igiya, fari mai jan baki. Kai, ya yi kyau. Ya kau da kai ya fita.

Ranar wata Alhamis aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana ɗaukewa kuka ya tashi a maƙwabta. Aka yi wa Mika'ilu wanka, aka sallace shi a ƙofar gida. Da aka zo ɗaukar makara, Badaru ƙanin mamacin ya matso kusa da Dallatu.

"Yaya Dallatu, burtali ya cika da ruwa har gwiwa, ba hanyar maƙabarta. Sai dai mu ratsa ta gonarka."

Dallatu ya dubi wajen gonar. Da ƙyar ya ce, "Ku bi."

Shi ma ya sa kafaɗa. Gawar ba nauyi. Duk mazan ƙauyen suka bi ta cikin waken, aka je, aka dawo ta nan.

Da yamma, mutane na zaman makoki, Dallatu ya zagaya bayan gida shi kaɗai. Ƙafafun jama'a sun kwantar da waken sun daddaɓe ƙasa, hanya ta fito miƙe santal daga katangar Mika'ilu har ƙarshen gona, daidai gefen da ya roƙa. Dallatu ya tsaya a bakinta ya daɗe. Can ya hango wani ɗan dutse a tsakiya, ya taka a hankali ya ɗauke shi.