Kafaɗar da Ulisse Ya Ƙera

A birnin Modena mutum kan manta ranar da aka ɗaura masa aure, amma ba ya manta motar da ya ƙera da hannunsa. Shi ya sa da aka sauke wata tsohuwar motar tsere ruwan ɗorawa a ƙofar gareji, Nerio Bertacchini bai jira an gaya masa ko wace ce ba. Ya ajiye kofinsa a kan kututturen da yake bugun ƙarfe, ya fito yana jan ƙafa, ya kewaya ta sau biyu. Sai ya tsaya a gabanta, ya kanne ido ɗaya, ya yi tsaki.

"Har yanzu a karkace take," in ji shi.

Shekararsa saba'in da tara. Garejin ya koma hannun 'yarsa Loredana tun da daɗewa, shi kuwa an ce ya je ya huta. Hutun nasa shi ne ya riga kowa zuwa da safe, ya wuni yana kushe aikin mutane.

Yana ɗan shekara goma sha tara suka ƙera bodin wannan mota, shi da Ulisse Gavioli, a shagon wani maigida da yanzu ko ƙofarsa babu. A lokacin haka ake yi: a kafa ƙwarangwal na katako a tsakiya, mutum biyu su raba motar, kowa ya ɗauki gefe guda da gudumarsa da fallen alminiyom. Nerio ya ɗauki hagu, Ulisse ya ɗauki dama. Nerio mutumin awo ne, ba ya buga guduma sai ya duba zane. Ulisse kuwa zanen ma a ƙarƙashin kwanon abincinsa yake sa shi. Da aka gama, kafaɗar dama, wato ƙarfen da ya lulluɓe tayar gaba, ta ɗara ta hagu tudu da kamar kaurin yatsa.

A kan wannan yatsa suka yi shekara hamsin da ɗoriya suna musu. Sun yi shi a wurin karta, sun yi shi a bikin auren 'ya'yansu, sun yi shi har a asibiti, Ulisse na kwance da robar iska a hanci. Amsar Ulisse kullum ɗaya ce: "Kai dai ka shiga ka zauna." Nerio ya ɗauki wannan a matsayin kame-kamen wanda aka kama. Ban da haka, dokar maigidansu ce mai guduma ba ya zama a kujerar mai mota, kuma Nerio ya riƙe dokar nan kamar addini. Motoci nawa suka bi ta hannunsa, bai taɓa ɗora mazaunansa a ko ɗaya ba, har alfahari yake yi da hakan. Ulisse shekara uku ke nan da rasuwa. Cikin motoci bakwai da suka yi tare, wasu sun ƙone, wasu an sake musu bodi a ƙasashen waje. Wannan kaɗai ta rage da aikin hannun Ulisse a jikinta.

Ana cikin haka sai mai motar ta iso, cikin wata sabuwa fil, ja wur, ƙasa-ƙasa kamar ta lashi kwalta. Ombretta Vandelli sunanta, tana da kamfanin tayil a Sassuolo, mace mai saurin magana da saurin yanke shawara. Ma'aikata suka bar aiki suka yi cirko-cirko.

"Maestro, ka ga wannan?" ta ce wa Nerio, da laƙabin da ake kiran gwanin sana'a, tana shafa jar motar. "Wata goma sha takwas na yi ina jiran ta. Ni na zaɓi fatar kujera, ni na zaɓi zaren ɗinkin. Ta fi ni hankali. In na yi wauta a kwana, ita take gyara min, ko tsawa ba ta yi."

"To, Sinyora, me ya kai ki sayen wannan gyatumar?"

Ta yi dariya, sannan ta ɗan sassauta murya. "Babana direban babbar mota ne. Wata rana mota irin wannan ta wuce shi a hanyar dutse, ya ce sai da ya faka ya kashe inji don ya ji ƙararta da kyau. Har ya mutu yana ba mu labarin. Da na gan ta a gwanjo, hannuna ne ya ɗaga kansa. Ko tuƙa ta ban yi ba tukuna. So nake ta dawo tas, babu aibi ko ɗaya."

Loredana ta kawo na'urar awonta mai haske, ta bi jikin motar lungu-lungu, hoton ya fito a kwamfuta. Hagu ta yi daidai da tsohon zanen, ko gashi ba ta kauce ba. Dama ta haura da milimita goma sha ɗaya.

Wayyo, zo ka ga Nerio! Tsohon da gwiwa ta hana hawa bene sai ga shi yana taka rawa. "Sha ɗaya! Loredana, buga min shi a takarda, da manyan baƙi! Ni goma nake ce masa, ashe ma rangwame nake yi wa ɗan banzan!"

"Ka ga an huta," in ji Ombretta. "A cire ta daman. Maestro, kai za ka buga min sabuwa, irin taka sak. Wa ya fi ka cancanta?"

Rawar ta tsaya.

"Ita kuma tsohuwar fa?" ya tambaya.

"Oho. A rataye a bango, ko a zubar."

Nerio ya karɓi takardarsa ya ninke ta ya sa a aljihu. Shekara da shekaru yana jiran ranar da za a ce shi ne da gaskiya, ga ta ta zo, amma wanda zai nuna wa takardar babu shi.

Daga nan sai dabarun tsofaffi suka tashi. Yau alminiyom ɗin da aka kawo ya yi tauri. Gobe gudumarsa ta katako ta tsage, kuma shi ba ya aiki da ta aro. Jibi kafaɗarsa ce ke ciwo. Mako uku ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Ranar Lahadi, suna gaban romon taliyar tortellini a gidan Loredana, ta ajiye cokali.

"Baba, ni fa na haifu a garejin nan. Gudumar da ka ce ta tsage, na gan ta a bayan kabad, lafiyarta ƙalau."

"Ke kuma me ya kai ki bayan kabad?"

"Matar nan tana son motarta kafin bikin tsofaffin motoci na watan Mayu. In ba ka yi ba, wani garejin za ta kai, su yanke da injin yanka cikin minti goma. Ni ma Kawu Ulisse ya goya ni. Amma motar ba tamu ba ce."

"Aikin banza ya yi," in ji Nerio yana kallon kwanonsa. "Na sani. Amma aikin banzansa ne, kuma shi kaɗai ya rage."

Ta ƙara masa romo.

Ranar Talata Ombretta ta zo da kanta, ta ce a gabanta za a fara. Nerio bai da sauran uzuri. Injin ba ya tashi, sai an tura motar zuwa ƙuryar da ake kwance bodi, kuma ma'aikata biyu sun fita kai wani aiki. Loredana ta naɗe hannun riga, Ombretta ma ta tuɓe takalmanta masu tsini ta dafa bayan motar.

"Baba, shiga ka riƙe mana sitiyari."

"Ni? Allah ya kiyaye. Zan tura."

"Da wace gwiwar? Shiga, don Allah, kada ka sa mu kai ka asibiti."

"Maestro, motata ce, ni na ce ka shiga," in ji Ombretta. "Ko sai na rubuto a takarda?"

Ya shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan kujerar, ya goge hannuwansa a ƙirji, ya sunkuya da ƙyar yana gunaguni. Kujerar a ƙasa take ƙwarai, kamar mutum ya zauna a tabarma. Ya kama sitiyarin katako, ya ɗaga kai ya duba ta gilashin gaba.

Sai ya taka burki.

"Baba! Mu muna turawa kai kana takawa?"

Bai ji ta ba. Daga nan inda yake zaune, dogon bonet ya miƙa gaba da ƙusumbinsa a tsakiya. Ga kafaɗarsa ta hagu kusa da shi, ta fito sarai. Ga ta Ulisse can nesa, ta leƙo ta bayan ƙusumbin, daidai wa daida da tasa, kamar tagwaye. Ya ɗaga yatsa ya rufe ɗan tudun da ido, ya rage milimita sha ɗayan nan a ransa. Kafaɗar ta nutse a bayan bonet, ta ɓace. Da an bi zane, direba ba zai taɓa sanin inda tayarsa ta dama take ba, a hanyar dutsen da kuskuren taƙi ɗaya ke jefa mutum rami.

Ashe Ulisse, ɗan banzan nan, ya shiga ya zauna. Ya saci jiki ranar da maigida ba ya nan, ya ga abin da mai zane bai gani ba, ya ƙara yatsa guda. Kuma bai ɓoye ba. Shekara hamsin yana faɗa.

Hawaye suka zubo wa Nerio, bai ko share ba, ga dariya kuma tana cin sa. "Ka ci ni," ya ce a hankali. "Allah ya jiƙanka, mugu, ka ci ni."

Ya fito da taimakon 'yarsa, ya riƙe ƙofar a buɗe. "Sinyora, ba zan ce miki komai ba. Ni an yi ta gaya min ban ji ba. Ke dai ki shiga ki zauna."

Ta shiga ba takalmi. Ta daɗe tana kallon gaba, ta karkata kai hagu, ta karkata dama. Nerio ya je ya ɗora tafin hannunsa a kan tudun, ya ce ta ƙaddara babu shi.

"Sabuwar tawa kyamara ce ke nuna min gefen nan," ta ce can. "Shi da guduma ya yi tasa." Ta leƙo ta taga. "Loredana, kada wanda ya taɓa min ita. A gyara inji da burki kawai. Maestro, kai kuma ka yi asarar aiki."

"Na yi asarar musu ma," in ji shi. Ya zaro takardar nan daga aljihu ya miƙa wa 'yarsa. "Ungo, ki kunna murhu da ita."

A farkon Mayu injin ya tashi. Ombretta ta ce ba za ta fara fita da motar ba sai da shi, shi kuwa wanda ya riga ya karya doka sau ɗaya, na biyu ba ya masa wuya. Ya zauna a dama, gefen Ulisse, hularsa a cinya. Suka bar gari, gonakin inabi sun yi kore shar, tsofaffi a ƙofar shagon kofi suna miƙewa suna ɗaga musu hannu. Da suka zo daidai katangar maƙabartar da Ulisse yake kwance, ya taɓa hannunta.

"Sinyora, ɗan tsaya nan ki taka mata mai."

Ta taka. Ƙarar ta daki katanga ta dawo, tattabaru suka watse.

"Ƙara," in ji Nerio. "Guduma ta kashe masa kunne tun yana saurayi. Sai an ɗaga murya yake ji."