Wani Injiniya

A watana na huɗu a ofishinmu na Amman na yi ɓarnar. Ranar Alhamis, ina saurin tafiya gida, na tura wani gyara cikin manhajar kamfani ban gwada shi ba. Kafin azahar ɗin Juma'a ta tsaya cak a ƙasashe tara. Abu Yazan, dattijon sashenmu, shi aka kira. Ya tsame hannu daga tiren mansaf, shinkafa da naman ragon da ake yi wa manyan baƙi a can, ya bar baƙin da suka zo neman auren 'yarsa, ya wuni yana gyara.

Ranar Lahadi, da ake komawa aiki a can, na zo da shirin kora, har kofin shayina na sa a jaka. Sai shugabarmu, Ustaza Rawan, ta tara mu.

"Ku tuna ƙa'idar kamfani," in ji ta. "Ba ma tambayar wa ya yi. Me ya bari aka yi, shi muke nema."

Ikon Allah! Ni da na tashi a gidan da ko faranti ne ya fashe sai an san hannun da ya sake shi. Na saki baki ina kallo. Awa guda ana ta "wani injiniya ya tura", ga ni nan zaune ina tauna biro. Wani ma daga ofishinmu na Dublin, ta allon bidiyo, har godiya ya yi wa wani injiniyan da ya nuna mana inda muke da rauni.

Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma kullum Abu Yazan sai ya ce mini "Sannu, ɗana", abin ya riƙa cina. Ta ina zan ba da haƙuri, tunda a takardar rahoton babu sunana?

Ranar Laraba na tare shi wajen injin gahawa.

"Kawu, wani injiniyan nan..."

"Kai ne, ja'iri. Sunanka na jikin gyaran, tun Juma'a na gani."

"Ka yi haƙuri, Kawu. Don Allah."

Ya ajiye kofinsa, ya sauke numfashi.

"Yauwa. A mota na zage ka tas, har kakanka. Kafin in isa gida na huce, na yafe. To, wa zan gaya wa? An ce babu mai laifi. Kwana biyar ina yawo da abin nan a raina. Ka ɗauka kai kaɗai aka bari da kaya?"