Sunan Zakeyo

Kwana goma sha takwas Tiyamike ta yi a asibitin Zomba, bakwaininta ɗaure a ƙirji cikin zane, fata da fata, tana ɗumama shi kamar kaza kan ƙwai. Har yanzu ba shi da suna. A gidan mijinta, 'yar'uwar uba ce ke raɗa wa yaro suna, kuma kowa ya san ɗan fari namiji sunan marigayi kakansa Zakeyo zai ci.

Esnart, yayar mijin, ta iso daga ƙauye da kwanon wake, amma ta ce sai ta ga hoton ƙwaƙwalwar yaron tukuna kafin ta raɗa suna. Wai ita mai lissafi!

Likita ya shafa wa yaron mai a maɗiga, ya ɗora kan na'urar a hankali. Hoto toka-toka ya bayyana a allo. Ya nuna wani farin tabo.

"Jini ya ɗan zuba nan, ɓangaren hagu. Ƙila hannu da ƙafar dama su yi rauni. Ƙila ya makara wajen fara tafiya, ƙila ma ba zai yi ba. Wasu kuma sai ka gan su suna gudu. Hoto ba ya faɗin gobe."

Gaban Tiyamike ya faɗi. Tsoro ya kama ta sosai.

Suna fitowa baranda, Esnart ta ja ta gefe.

"Ke yarinya, kin ji da kunnenki. A ajiye sunan Baba sai ɗa na gaba. Wannan a kira shi Mavuto, wato mai wahala, a ga abin da Allah zai yi."

"Yaya, na gaba wa ya yi miki alkawarinsa?"

"Baba fa har ya rasu bai taɓa hawa mota zuwa kasuwa ba, da ƙafa yake zuwa. Sai a ba gurgu sunansa?"

"Gurgu? Ko kilo biyu bai kai ba, har kin saya masa sanda!"

Nan tsoro ya koma fushi. Ita ta ga wannan ɗan tsurut ya daina numfashi sau biyu ya dawo, lokacin dangi na ƙauye suna jiran labari. Ta wuce teburin nas, Esnart na biye da ita.

"Sista, cike min gurbin suna a katinsa. Zakeyo."

"Uwa ba ta raɗa suna a gidanmu!" Esnart ta ɗaga murya, har masu jego suka leƙo.

"To, yau an fara."

Nas ta dubi wannan, ta dubi waccan, ta rubuta.

Tiyamike ta ƙara tamke zanen, ta juyo.

"Je ki faɗa musu, Yaya. In ya yi tafiya, Zakeyo ne ya yi. In bai yi ba, Zakeyo zan goya."