Masu Dakon Bayan Dutse

Gajimare ya sauko ya rufe hanyar dutsen, har Inna ba ta ganin komai sai dugadugan surukarta. Mata ne jere a siririyar hanya, kowacce da jarkar fetur a ka. Dama bangon dutse, hagu rami mai zurfi, kogi na ruri a ƙasansa. A ƙetaren iyaka fetur tsada yake, mota kuwa ba ta hawa nan da damina. Shi ya sa mai kaya ke ɗaukar mata dako, ya haɗa musu da ƙwayar da yake kira maganin gajiya.

Tun da babur ya karya ɗanta ya kwantar da shi, Inna da matarsa ke riƙe da gidan. Ta hana yarinyar fitowa saboda cikinta ya fara nauyi, amma ta ce, "Inna, in na zauna, bango za mu ci?"

Suna cikin hawa Inna ta ga jini yana bin ƙafar yarinyar, yana ɗiga a kan duwatsu.

"'Yar nan, tsaya! Sauke kayan nan!"

"Lafiyata lau, Inna," ta amsa tana dariya. "Yau ji nake ko ke zan iya ɗorawa a kai."

"Kin sha ƙwayar nan, ko?"

"Ai ya ce ba ta taɓa ciki."

"Dubi ƙafarki!"

Yarinyar ta sunkuyar da ido, dariyar ta ɗauke. Inna ta wurgar da tata jarkar, ta rungumo ta kafin jiri ya kai ta ramin. Matan baya suka riƙa raɓawa suna wucewa da salati. Ba mugunta ba ce: wadda ta sauke kaya a nan ba mai ɗora mata.

Inna ta kwance zanenta na sama, ta goya matar ɗanta, ta juya gangare. Santsi na jan ƙafarta.

"Yi mini magana, kada ki yi shiru!"

"Inna, ban ji zafi ba. Wallahi ban ji komai ba."

* * *

A gindin dutse ba asibiti, sai ɗakin wata tsohuwar ungozoma. Ta yi iya yinta, ta ceci uwar. Sannan ta fito ta girgiza wa Inna kai.

Da la'asar mai kaya ya iso a kan babur, ko kashe shi bai yi ba.

"Sannu, Inna, Allah ya mayar da alheri. A daidai ina kuka bar jarkokin?"

Inna ta juya masa baya. Daga ciki ta ji yarinyar ta fara nishi, ƙwayar ta sake ta. Ta koma ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta mai sanyi.

Ungozoma ta buɗe akwatinta tana neman farin ƙyalle na likkafani. Guntun da ta samu bai fi tafin hannu biyu ba. Ta gwada, ya isa.