Cibiyar Kamila

Duk wanda ya zauna da ni a Kuala Lumpur ya sha labarin gidanmu na Rano har ya ƙoshi. Mijina Muttaka yakan ce ko malamina na jami'a, wanda bai san hanyar Kano ba, zai iya zana zaurenmu da ka. Ni ko a jikina. Gidan ƙasa ne a cikin ganuwa, kakan kakanmu marini ya gina shi tun zamanin da Rano ke rina wa fatake tufa. Rufin azara ne, bangon zaure da zanen dagi, ka shiga da rana tsaka sanyi ya ratsa ka. Kowace shekara kafin damina dangi kan taru a yi masa yaɓe, maza na cuɗa ƙasa, mata na tuƙa tuwo. A gindin ɗakin kakarmu kuma ake binne cibiyar duk ɗan gidan, tawa ma tana can.

Korona ta kulle mu a saman bene a unguwar Cheras, ni da ciki da karatun digiri na uku. A nan na haifi Kamila, ba uwa ba dangi, wankan jego ma da butar lantarki na yi shi. Ranar da cibiyarta ta faɗi na naɗe ta a farin ƙyalle na sa a ƙasan akwati.

"Ga tukunyar shuka a baranda, ki binne kawai lah," in ji Muttaka, da "lah" ɗin nan da ya kwaso a bakin mutanen garin.

"A tukunya? 'Yar Rano ce fa, ba barkono ba. Sai an buɗe hanya."

Ya sa takunkumi ya sauka sayo mana abinci a mamak, gidan abincin bakin titi.

Abin da ya riƙe ni a kullen nan kiran Yaya Yahuza ne, babban wanmu da gidan ke hannunsa tun rasuwar Baba. Duk Juma'a, la'asar ɗinmu hantsinsu, zai kira ta bidiyo yana zaune a zaure, dagin nan a bayansa. Gaskiya ba fuskarsa nake kallo ba, bangon nake kallo. In tambaye shi yaɓe, ya ce an yi, har ya fi na bara. In ce ya zagaya da ni cikin gida, ya ce sabis ba ya shiga, ƙasar ta yi kauri. Ni sakarya har daɗi nake ji, wai bangonmu ya gagari sabis.

Wata Juma'a Gwaggo, ƙanwar Baba, ta faɗo masa yana tsakiyar kira. Ta fizge wayar, wai sai ta ga jaririya. Gwaggo kuwa ba ta iya yi wa jariri kirari a zaune ba. Ta miƙe, ta riƙe wayar nesa kamar madubi, tana takawa tana kiran sunayen kakanni.

Ta bayan kanta na gani. Babu rufi. Bangon dagin yana tsaye shi kaɗai, an tokare shi da katakai, an shimfiɗa tabarma a gabansa. Sauran wurin jerin shagunan bulo ne masu ƙofar ƙarfe, wani har an fara sayar da caja a ciki. Inda ɗakin kakarmu yake an malale shi da siminti.

"Gwaggo, ina gidan?"

"Wane gida kuma, 'yar nan? Ai tun farkon cutar nan aka rushe, Yahuza ya ce da yardarki. Wannan bangon ne kawai ya hana a taɓa, wai na waya ne."

Yaya ya karɓe wayar. "Barira, tsaya ki ji. Ke kina bene kina shan iska, mu muke kwana da tsoron rufi ya faɗo. Masu yaɓen duk sun watse, wa zai cuɗa ƙasa? Don hankalinki na bar bangon."

Da ya ce min gidan ya gagare shi, da na yi kukana na haƙura. Abin da ya ci ni shi ne zaman da yake gyarawa duk Juma'a, ya daidaita waya, ya kalli idona ya ce an yi yaɓe. Na kashe kiran.

Muttaka yana zaune a gefe duk wannan, bai ɗago ba, bai tambayi me ya faru ba.

"Ka sani ke nan."

"Ya kira ni kina da tsohon ciki. Your BP was high, Barira. Me kike so in yi?"

"Shi ya sa ka ce in binne a tukunya."

Ya sunkuyar da kai.

Na ciro ƙyallen na fita baranda. Can ƙasa jirgin cikin gari na MRT ya wuce kusan ba kowa a ciki. Tukunyar barkonon tana nan da ƙasarta da muka sayo a leda. Na tona da cokali, na yi bisimilla, na binne. Muttaka ya tsaya a bakin ƙofa da Kamila a kafaɗa, yana cewa in an buɗe hanya ai za mu kai ta Rano ta ga garinsu.

Na karkaɗe hannuna na nuna masa tukunyar.

"Ga garinsu nan. Ka riƙa ba shi ruwa."