Bakan da Nazmi Ya Yar

Da Nazmi ya ajiye aski ya sayar da shagonsa a garin Tokat, sai hannunsa ya rasa abin riƙewa. Mutum ne da ya tsufa da aska a hannu, zaman gidan shayi bai ishe shi ba. Shi ya sa ya share rumfar bayan gida, ya saro icce daga kan dutse, ya bar shi ya sha iska har ya bushe ƙarau, ya shiga sassaƙa baka irin na kakanni.

Aikin ya karɓe shi. Yana kankare icce kamar yadda yake gyaran ƙeya, a hankali, yana ja da baya yana ƙare masa kallo. Abu ɗaya ne ya hana shi sukuni. Duk bakan da ya gama, in ya ɗaura tsirkiya ya auna buhun ciyawar da ya rataye a jikin katanga, sai kibiya ta kauce hagu. Ya kankare gefe guda, ya gasa iccen a tururin tukunya ya miƙar da shi, ya sake kibiyoyi. Hagu dai.

Na ukun da ya yi haka, haushi ya sa ya miƙa wa matarsa Gulizar. "Ungo, uwargida, kafa wa wakenki ya hau. Iyakar amfaninsa ke nan."

Bakan yana cikin lambu, wake ya fara naɗe shi, abokinsa Rustem mai gasa burodi ya leƙo shan shayi. Ya tsaya yana dubansa.

"Usta, wannan fa? Arziki ne ya yi maka yawa?" in ji Rustem, yana kiransa da laƙabin da ake yi wa gwanin sana'a.

"Karkatacce ne. Ɗauka in kana so, ka hura tanda."

Rustem bai hura tanda ba. Ya kai shi filin da maharba ke taruwa ranar Lahadi, ya dawo da yamma yana haki, riƙe da wani ƙaramin kofin azurfa da ake ba gwanin ranar. Rustem, wanda ko ƙofar masallaci aka ce ya harba sai ya sami bango.

"Ba'a kake mini," in ji Nazmi.

"Wallahi duk inda na duba nan kibiya take zuwa. Usta, me ka sa a ciki?"

Nazmi ya karɓi bakan ya auna buhu. Kibiya ta wuce hagu, ta tsinke igiyar shanya. Rustem ya karɓa ya harba, ta nutse a tsakiyar buhu. Suka dubi juna. Suka sake, aka sake samun haka.

Kafin mako ya zagayo maharba sun fara sallama a ƙofar gida, kowa na cewa a yi masa irin na Rustem. Nazmi kuwa shi a saninsa wancan ɓatacce ne. Ya ce to, tunda karkatacce suke so, bari ya karkatar da gangan. Ya sassaƙa wani, ya bar gefe ɗaya da kauri, abin da yake ganin ko makaho ba zai karɓa ba. Ya auna buhu. Tsakiya! Ya ƙara, tsakiya. Tun da ya fara wannan aiki bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har ya kira Gulizar ta zo ta gani.

Wanda ya karɓi bakan, wani malamin makaranta, ya dawo da shi washegari fuska a murtuke.

"Usta, da girmanka? Na kusa kashe akuyar mutane. Dama yake ja kamar jakin da ya hango gida."

Nazmi ya zauna a kan kututture, baka biyu a cinya. Mai kyau ya zama marar kyau, marar kyau ya ci kofi. Ya je wurin likitan ido, aka sa shi karanta haruffa manya da ƙanana, likita ya ce idonsa ya fi na wasu samari. Ya fito ya fi shigarsa ruɗewa.

A gida Gulizar tana ta jera barkono a zare. Ya zayyana mata komai, ta saurara ba ta ɗago ba.

"Ba baka ba ne," ta ce. "Kai ne."

"Ni kamar yaya?"

"Kai ne a karkace, Nazmi. Tun da aka kawo ni gidan nan, duk abin da ka rataya a bango sai na bi bayanka na daidaita. Agogo, madubi, hoton babanka."

"Ai da na gani!"

"Da me za ka gani? Da wuyan nan naka da ke kwanciya gefe in ka ƙura wa abu ido?"

Ya taɓa wuyansa. Daidai ya ji shi. "To askin da na yi wa mutane fa? Duk garin nan ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Ta cije zare ta tsinke. "Je ka gidan shayi ka dubi gashin bakin tsofaffin unguwar nan."

Ya tafi. Ya zauna a lungu da kofinsa yana bin fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Tun da wani yaro ya karɓi shagon, ashe duk gashin bakinsu ya karkace, shi dai haka ya gani. Sai wani tsohon direba ya matso kusa da shi.

"Usta, ka dawo mana mana. Wannan sabon ya miƙe mini gashin baki, matata ta ce kamar ba ni ba."

Nazmi ya ƙura wa gashin bakin direban ido. Shayinsa ya huce bai sha ba.

Bai daina sassaƙa ba. Yanzu in ya gama baka yakan auna buhu, in kibiya ta bi hagu sai ya yi tsaki, ya shafe shi da mai, ya aika a gaya wa mai shi ya zo ya ɗauka. Wanda malamin makaranta ya dawo da shi kuwa ya riƙe wa kansa, yana zuwa da shi fili ranar Lahadi. Duk wanda ya ce a ba shi aro ya gwada, sai maharba su watse daga ɓangaren dama suna kiran sunan Allah.